Na Ƙasa Ya Ja Da Na Sama? Muhawara Kan Magana Da Shiru A Wurin Aiki

Duk wanda ya taɓa cin albashi ya san irin wannan taron. Shugaba ya gama bayanin sabon tsari, ya ɗaga kai ya ce, "Akwai mai magana?" Kowa ya duƙufa kan takardar gabansa. Can wani ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ka gama magana." A shafa addu'a a tashi. Ba a kai ga sauka daga bene ba an fara raɗa: kuɗin ba za su isa ba, an taɓa gwada haka bai yi ba, wanda aka ɗora wa aikin ba fanninsa ba ne. Waɗanda suka san inda gizo ke saƙa sun kame baki a ɗakin da maganarsu za ta yi amfani, sun zo sun sake shi a inda ba za ta gyara komai ba.

Kada wani ya zaci wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A 2003, Frances Milliken da Elizabeth Morrison na Jami'ar New York, tare da abokiyar bincikensu Patricia Hewlin, sun tattauna da ma'aikata 40 daga wurare daban-daban. Kashi 85 cikin 100 suka ce akwai lokacin da suka ga abin da ya kamata shugaba ya ji, amma suka haɗiye. Babban dalilin da suka bayar shi ne tsoron kada a yi musu kallon 'yan tada zaune tsaye, ko zama ya ɓaci tsakaninsu da na sama. A Amurka ke nan fa, inda ƙaramin ma'aikaci kan kira shugabansa da sunan yanka.

Shirun dai babu mai musun yana nan. Inda aka rabu shi ne matsayinsa. Wasu na ganin cuta ce da ke cin ma'aikatu ta ciki, har takan ci rayuka. Wasu kuwa na ganin wani ɓangare ne na ladabi da tsarin da ke riƙe aiki, kuma wanda ya tashi kawar da shi zai rusa abin da ba zai iya ginawa ba.

Masu cewa a buɗe baki

Hujjar da waɗannan suka fi riƙewa daga harkar jiragen sama ta fito. Ranar 27 ga Maris, 1977, bam ya tashi a filin jirgin tsibirin Gran Canaria, sai aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife. Cikinsu akwai manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na ƙasar Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka. Lokacin da aka ba da damar ci gaba da tafiya, hazo ya riga ya lulluɓe filin, jirage ba sa ganin juna, hasumiya ma ba ta ganin su. Matuƙin KLM, Jacob van Zanten, ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne shugaban horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin, hotonsa ake bugawa a tallan kamfanin, kuma shi ya jarraba mataimakin da ke zaune kusa da shi kafin a ba shi izinin tuƙa 747. Yana cikin gaggawa, domin dokar awannin aiki za ta iya hana su tashi in jinkiri ya ƙaru. Ya ba jirgi wuta ba tare da ya sami izinin tashi ba. Injiniyan da ke zaune a bayansu ya ji wani abu a rediyo da ya sa shi kokwanto, ya tambaya ko jirgin Pan Am ya riga ya kauce daga titi. Matuƙi ya amsa masa da ƙarfi cewa ya kauce. Injiniya bai ƙara cewa uffan ba. Bayan 'yan daƙiƙu jiragen suka yi karo. Mutum 583 suka rasu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama mai yawan mamata kamarsa ba.

Abin da ke ci wa masu wannan ra'ayi rai shi ne wanda ya hango gaskiyar yana cikin ɗakin tuƙin. Ya ma furta ta, amma a sigar tambaya, kuma amsa ɗaya ta isa ta rufe masa baki.

Ba a jima ba aka sake ganin irinsa. A Disambar 1978 wani jirgin United Airlines ya yi ta shawagi a kusa da birnin Portland, matuƙi ya shagala da matsalar tayoyin sauka, na ƙasa da shi suna ambaton cewa mai na raguwa amma a sanyaye, har man ya ƙare jirgi ya faɗo, mutum 10 suka mutu. A 1979 hukumar NASA ta kira taro kan wannan matsala, a 1981 kuma United ta fara wani sabon horo wanda daga baya ya zama dole a kusan duk duniya. Ana koya wa mataimaki ya kira matuƙi kai tsaye, ya faɗi abin da ya gani ƙarara ba da zagaye-zagaye ba, ya kawo mafita, ya nemi amsa. Shi kuma matuƙi ana koya masa ya nemi ra'ayin na ƙasa tun kafin su kawo. A 1989 injin wani jirgin United ya fashe a sama, ya lalata duk na'urorin da ake juya jirgi da su. Matuƙin, Al Haynes, ya saurari kowa, har da wani malamin tuƙi da ke cikin fasinjoji, suka lallaɓa jirgin zuwa Sioux City. Cikin mutum 296, fiye da 180 suka tsira. Haynes ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ba don wannan horon ba da ba su kai labari ba.

Daga jirgi sai asibiti. A farkon shekarun 1990, Amy Edmondson, tana ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Harvard, ta shiga nazarin kurakuran ba da magani a sassan wasu asibitoci biyu. Ta yi tsammanin sassan da ke da shugabanci mai kyau da zaman lafiya su ne za su fi ƙarancin kuskure. Alƙaluma suka nuna akasin haka: a can aka fi samun kurakurai a rubuce. Da aka koma aka lura da yadda ake zama a kowane sashe, sai ta bayyana cewa inda ma'aikatan jinya ba sa tsoron shugabarsu, sukan faɗi kuskure a rubuta shi a gyara. Inda ake tsawa da muzantawa kuwa, ɓoyewa ake yi. Takarda ta fito fes, majiyyaci kuma yana shan abin da ba nasa ba. A 1999 ta buga wani nazarin kan rukunonin ma'aikata 51 a wani kamfanin ƙere-ƙere, inda ta nuna cewa rukunin da mutum ke da natsuwar yin tambaya ko amsa kuskurensa ba tare da fargabar a ci masa fuska ba, shi ya fi koyon aiki, ya kuma fi yin sa da kyau.

Me ke ɗaure harshen mutum mai hankali? Solomon Asch ya nuna wani ɓangare na amsar tun 1951. Ya zaunar da mutum cikin wasu da aka riga aka haɗa baki da su, aka nuna musu layuka a kan kati, aka ce su faɗi wanne ya yi daidai da wanne a tsawo. Amsar a fili take, amma 'yan haɗin bakin duk suka faɗi ta ƙarya. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi yarima sun sha kiɗa aƙalla sau ɗaya. Ba albashi a nan, ba shugaba, ba barazanar kora. To ina ga wanda ƙarin girmansa ke hannun mai maganar? Amma da Asch ya sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi gaskiya, bin ƙaryar ya ragu ƙwarai. Masu wannan ra'ayi suna son wannan sakamakon: baki ɗaya da ya buɗe yakan buɗe wa saura.

Masu cewa bin na gaba shi ne aiki

Ɗaya ɓangaren ba ya musun abin da ya faru a Tenerife. Darasin da ake cirowa daga ciki yake ja da shi. Suna tunatar da mu cewa filin ba shi da na'urar hango jirage a ƙasa, cewa saƙon hasumiya da na Pan Am sun ci karo a rediyo suka zama ƙara, kuma an yi amfani da kalmomi masu harshen damo. Ɗaya daga cikin manyan gyare-gyaren da suka biyo baya shi ne tsaurara lafazin rediyo, har aka keɓe kalmar tashi ga lokacin ba da izini ko soke shi kaɗai. Wato ƙarin doka da ƙarin biyayya. Van Zanten kansa, in ji su, laifinsa na farko ƙin jiran umurnin wanda ke sama da shi ne a wannan lokacin, wato hasumiya.

Sannan suna cewa a duba abin da ya sami waɗanda suka ɗauki wa'azin daidaito da gaske. A farkon shekarun 2000 masu kamfanin Google sun cire manajoji daga kan injiniyoyinsu don kowa ya zama daidai da kowa. Watanni kaɗan aka yi aka dawo da su, domin mutane sun koma suna kai wa mai kamfani ƙarar 'yan saɓani da lissafin kuɗin tafiya. Kamfanin sayar da takalma na Zappos ya soke muƙaman manajoji, a 2015 shugabansa Tony Hsieh ya ce wanda sabon tsarin bai yi masa ba ya karɓi kuɗin sallama ya tafi, kuma kusan kashi 18 cikin 100 na ma'aikatan suka karɓa. Tun a farkon shekarun 1970 Jo Freeman, 'yar gwagwarmayar haƙƙin mata a Amurka, ta yi gargaɗi daga abin da ta gani a ƙungiyoyinsu: in aka ce babu shugaba, shugabanci ba ya ɓacewa, ɓuya yake yi. Yakan koma hannun 'yan abokai da masu kaifin baki, waɗanda ba wanda ya zaɓe su, don haka ba wanda zai iya tuhumar su.

Suna da nasu labarin jirgin. Ranar 15 ga Janairu, 2009, tsuntsaye suka kashe injina biyu na wani jirgin US Airways jim kaɗan da tashinsa daga New York. Mataimaki ne ke tuƙi. Matuƙi Chesley Sullenberger ya karɓi jirgin nan take, mataimaki ya sakar masa ba gardama, ya koma duba littafin matakan gaggawa. Cikin kimanin minti uku da rabi suka sauka a kogin Hudson, duk mutum 155 suka tsira. Da an tsaya jin ra'ayin kowa fa?

Akwai kuma batun ilimi da ɗaukar nauyi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ƙaramin ma'aikaci tebur ɗaya yake gani. Shugaba yana ganin kasafi, da abin da na samansa suka ce, da alƙawarin da aka ɗauka wa wani, da sirrin da ba zai iya faɗa a taro ba. In abu ya lalace kuma shi za a kira gaban kwamitin bincike, sa hannunsa ne a takarda. Wanda ba zai ɗauki alhaki ba, suna tambaya, da wane dalili zai nemi rabin hukunci?

Hujjarsu da ta fi shiga zuciyar mai karatu a ƙasar Hausa ita ce ta tarbiyya. Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holan, ya yi nazarin amsoshin ma'aikatan kamfanin IBM a ƙasashe da dama, ya fitar da ma'aunin yadda jama'a ke karɓar tazara tsakanin babba da ƙarami. Afirka ta Yamma, inda ya haɗa Najeriya da Ghana da Saliyo wuri guda, ta sami maki 77, Amurka 40, Ostiriya 11. Masu kare girman na gaba suna cewa wannan lamba ba shaidar cuta ba ce. Da wannan tazarar yaron shago a Kantin Kwari ke koyon kasuwanci har a sallame shi da jari, da ita ɗan koyo a gareji ko a maƙera ke zama gwani: ya kalla, ya yi abin da aka ce, ya fahimci dalili daga baya. Kuma kunya ba ta hana gaskiya isa inda za ta. Muna da hanyoyinmu. A sami maigida shi kaɗai bayan an idar da salla, a bi ta bakin wani dattijo da yake jin nauyinsa, a yi masa hannunka mai sanda. Ya gyara, mutuncinsa na nan, na mai maganar ma na nan. Me ya sa sai an kwance wa mutum zani a kasuwa za a ce an yi gaskiya?

Martanin masu son a yi magana

Na farko, in ji su, ba wanda ya ce a kori shugabanni. Google da Zappos amsa ce ga tambayar da ba a yi ba. Shi Google ɗin ma, da ya fara nazarin rukunonin ma'aikatansa 180 a 2012 don gano abin da ke bambanta masu ƙwazo da saura, abin da ya zo kan gaba shi ne wannan natsuwar da Edmondson ta bayyana, ba tarin gwanaye ba. Labarin Hudson kuwa ba a kai shi ƙarshe ba. Na'urar naɗar magana ta nuna cewa ana dab da taɓa ruwa Sullenberger ya juya ya tambayi mataimakinsa ko yana da wata dabara. Mutumin da ya rage masa daƙiƙu ya sami sararin tambaya. Shugaban da ke da mako guda kafin ya sa hannu, mene ne uzurinsa?

Hanyoyin bayan fage kuma suna da illa biyu. Ɗaya jinkiri. Ma'aikaciyar jinyar da ta ga likita ya rubuta adadin maganin da ya fi ƙarfin jariri ba ta da damar jiran a sauko daga la'asar, haka ɗan kwangilar da ya ga ana rage siminti a ginshiƙi ana kuma zuba kankare a lokacin. Ta biyu ta fi muni: ba kowa ke da hanyar ba. Wanda ke shiga gidan oga ne ke da ita, da ɗan garinsu, da mai ɗaukar masa jaka. In gaskiya ba ta da ƙofa a taro, kunnen shugaba yakan zama mallakar 'yan kanzagi da masu kai tsegumi, sai ya wayi gari ya san wa ya zage shi amma bai san injin janareta ya kusa bugawa ba. Babba ya fi hangen nesa, an yarda. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma a wurin aiki mai ɗakin sau da yawa shi ne direba, da mai gadi, da akawun da ke shigar da lissafi.

Ba su yarda kuma cewa gyara wa na gaba baƙon abu ne a wurinmu ba. Littattafan sira sun ruwaito cewa a Badar, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauke runduna a wani wuri, Hubabu bin Munzir ya tambaye shi ko wannan masauki umurnin Allah ne ko kuwa shawara ce da dabarar yaƙi. Da aka ce masa dabara ce, sai ya ce wurin bai dace ba, ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba. Aka karɓa, aka tashi. In wanda ya fi kowa daraja ya sauya masauki saboda maganar mabiyinsa, wane darakta ne ya fi ƙarfin a ce masa lissafinsa bai fita ba?

Wa zai ɗauki asarar?

Masu bin na gaba suna karɓar labarin Hubabu hannu biyu, suna cewa nasu ne. A duba yadda ya fara: da tambaya, da neman sanin iyakarsa, kafin ya kawo ra'ayi. Ladabin ne ya buɗe masa ƙofa. Akwai ma binciken da ke mara musu baya. A 2012 Ethan Burris na Jami'ar Texas ya nuna cewa manajoji kan rage wa ma'aikacin da ya kawo shawara a sigar ƙalubale daraja, su kuma ƙi shawarar, fiye da wanda ya kawo tasa a sigar goyon baya.

Daga nan suke fito da hujjar da, a ganina, ta fi duk sauran nauyi. Mai wa'azin a yi magana ba shi zai rasa aiki ba. Roger Boisjoly, injiniyan kamfanin Morton Thiokol, ya yi gargaɗi a rubuce watanni kafin kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse ranar 28 ga Janairu, 1986, ya kuma faɗi gaskiya gaban kwamitin binciken shugaban ƙasa. Abokan aiki suka juya masa baya, ƙarshe ya bar kamfanin. Wannan a ƙasar da ke da kotunan da za a kai ƙara da wasu kamfanonin da za a koma. Ina ga matashin da ya yi shekaru yana yawo da takardu kafin ya sami aikin, wanda iyaye da ƙanne ke jiran ƙarshen wata tare da shi, wanda kuma shugaban nan ne zai cike masa takardar kimanta aikin shekara? A ce wa irin wannan ya yi jarunta zalunci ne a cikin rigar nasiha. Sun kuma san shugabannin da kan dawo daga bita su ce ƙofarsu a buɗe take, su rataye akwatin shawara, sannan wanda ya fara shiga ya tsinci sunansa a jerin waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa ƙauye. Shirun da aka san dalilinsa ya fi gayyatar da ke da tarko a ciki.

Idan aka tankaɗe hujjojin

Akwai wani nazari da nake ganin ya kamata kowane ɓangare ya zauna da shi, domin ya ba kowa gaskiya ya kuma hana kowa barci. A 2015 Eric Anicich da Roderick Swaab da Adam Galinsky suka duba bayanan tawagogi 5,104 da suka hau duwatsun Himalaya, mutum fiye da 30,000 daga ƙasashe 56. Tawagogin da suka fito daga ƙasashen da ake tsananin girmama na gaba sun fi kai mutane ƙololuwa. Su ne kuma suka fi barin gawa a kan dutse. Ga masu hawa su kaɗai ba a ga wannan bambanci ba, alamar cewa daga zaman tare abin yake tasowa. Biyayya na haɗa ƙafafu a tafi da sauri, ita ce kuma ke hana wanda ya ga hadari ya taso cewa a juya.

Saboda haka ba na jin za a raba wannan gardama da cewa wani ya yi daidai wani ya yi kuskure. Sai dai na lura da abu ɗaya: duk inda aka ci nasara a misalan ɓangaren farko, ba a rushe shugabanci ba, ba a kuma dogara da ƙarfin halin na ƙasa ba. Matuƙi na nan a matsayinsa. Kamfanin Toyota, wanda ba wanda zai zarge shi da rashin girmama manya, ya rataya igiya a kan layin haɗa motoci, kowane lebura na da ikon ja in ya ga matsala, shugaban rukuni ya taho da gudu, in ba a warware ba layin ya tsaya. Da Toyota ta haɗa gwiwa da General Motors a 1984 suka sake buɗe masana'antar Fremont a Kalifoniya, yawancin ma'aikatan tsofaffin nan ne da aka yi wa shaidar rashin kirki, amma cikin ɗan lokaci ingancin motocinsu ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors. Mu ma muna yin irin wannan sau biyar a rana. In liman ya yi rafkanuwa, mamu ya yi tasbihi. In ya sarƙe a karatu, na bayansa ya tuna masa ayar, ko da ɗalibinsa ne. Ba wanda ke kiran haka rashin kunya, liman kuma bai sauka daga limanci ba, domin ƙa'idar ta riga kuskuren zuwa, kowa ya san lafazin da zai yi da lokacin yin sa. Nan nake karkata: nauyin buɗe baki a ɗauke shi daga wuyan yaro a ɗora wa tsari, kuma na sama ne zai gina tsarin.

Amma kada in yi gaggawa, domin shaidar ba ta tsaya nan ba. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar matakai 19 da za a bi a ɗakin tiyata, ciki har da kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa, don bakin da ya riga ya buɗe ya fi saurin sake buɗewa. A asibitoci takwas da aka gwada, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Sai lardin Ontario na Kanada ya wajabta irin takardar, aka duba asibitoci 101, sakamakon da aka buga a 2014 bai nuna wani ragi na a zo a gani ba. Ana iya cike takarda ba tare da kowa ya saurari kowa ba. Binciken Google ma kamfani ne ya auna kansa, kuma yawancin irin waɗannan nazarce-nazarce alaƙa suke nunawa: mai yiwuwa natsuwa ce ke kawo nasara, mai yiwuwa kuma rukunin da ke cin nasara ne shugabansa ke da sauƙin kai.

Challenger ta fi kowane misali tayar mini da hankali, domin a can an yi magana. Daren da za a wayi gari a harba kumbon, injiniyoyin Thiokol sun ce kada a harba, sanyi zai sandarar da zoben robar da ke toshe gaɓoɓin rokar. Jami'an NASA suka nuna rashin jin daɗi. Manyan Thiokol suka keɓe, aka ce wa ɗayansu ya cire hular injiniya ya sa ta manaja, suka yanke a harba. Daƙiƙa 73 da tashi, mutum bakwai suka mutu. Akwai taro, akwai ƙa'ida, na ƙasa sun faɗi abin da suka sani da hujjojinsu. Abin da ya rage a hannun manya shi ne ikon cewa lokacin shawara ya wuce.

Wannan ikon ne ba a warware ba. Kowa ya yarda akwai lokacin sauraro da lokacin umurni, amma wanda ke faɗin wane lokaci ake ciki shi ne shugaban da ake son a gyara wa. Sullenberger ya ga babu lokaci, ya yi daidai. Van Zanten ma ya ga babu lokaci. Ɓangare ɗaya na cewa a ɗaure shugaba da ƙa'idar da ba zai iya kwancewa shi kaɗai ba, kamar a ce in injiniya ko ma'aikaciyar jinya ta ce a tsaya, dole a tsaya har wani na uku ya duba. Ɗaya ɓangaren na tambaya wa zai sa wannan ƙa'ida a shagon da maigida ne ke biyan albashi, shi ke biyan kuɗin asibitin mahaifiyar yaronsa, shi kuma ake sa ran zai yi masa aure, kuma in an sa ta, wa yaron zai kai wa ƙara ranar da maigida ya take ta.